Layi da Lodi: Nazarin Tsarin Tashar Mota da Kalmominta a Ƙasar Ƙauran Namoda

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi tsarin sufurin motocin haya a arewacin jihar Zamfara, inda garin Ƙauran Namoda yake zaman mahaɗa ga matafiyan Ɗan Isa da Shinkafi da Zurmi. Manufarta ita ce nuna cewa tasha tana da nata ma'aunin lokaci, wanda kalmomin *layi* da *lodi* suke ɗauke da shi, kuma matsalar tsaro ta sauya wannan ma'auni.

1.0 Gabatarwa

Kalmar *tasha* aro ce daga Ingilishi. Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Gusau ta tuƙe ne a Ƙauran Namoda a shekarar 1929, abin da ya mayar da garin matattarar gyaɗa da auduga. Bayan durƙushewar jirgi, mota ta gaji aikinsa, ta kuma gaji sunan tasharsa. A yau hanyoyi uku ne manya suke haɗuwa a garin: ta kudu mai zuwa Gusau, da ta arewa mai zuwa Shinkafi har Isa ta jihar Sakkwato, da wadda ta bi ta Zurmi ta ɓulle Jibiya da Katsina. Saboda haka mutumin ƙauye mai neman asibiti ko kotu ko makaranta a Gusau, sau da yawa sai ya fara sauka Ƙaura kafin ya sake mota.

2.0 Masu Gudanar da Tasha

Jan ragamar tasha yana hannun ƙungiyar direbobi ta ƙasa, wato NURTW, wadda aka kafa a 1978, ake kuma kiran ta *yuniyan*. Kowane reshe yana da *ciyaman* da sakatare. Ƙasa da su akwai *ɗan kamasho*, mai kiran fasinja da karɓar kuɗin mota, wanda ake cire masa ladarsa daga abin da aka tara. Sai *direba*, wanda sau da yawa ba shi ne mai motar ba, da *yaron mota* mai ɗaurin kaya, wanda akan yi wa laƙabi da *karen mota*.

Mafi yawan waɗannan sunaye na aro ne, amma sun bi ƙa'idar karin harshen Yamma. Bazamfare yakan ce *hwasinja* da *hwaci* a maimakon fasinja da faci, haka kuma yakan ce *tasham mota* inda daidaitacciyar Hausa take da "tashar mota".

3.0 Layi da Lodi

Jirgin ƙasa agogo yake bi, motar tasha kuwa cika take jira. *Layi* shi ne jerin motoci bisa ga wadda ta riga isowa, *lodi* kuma shi ne izinin ɗaukar fasinja ga wadda layi ya zo kanta. Ba a fara lodin ta biyu sai ta farko ta tashi. Amfanin wannan tsari shi ne raba gardama tsakanin direbobi da tabbatar wa kowa rabonsa. Illarsa kuwa tana kan matafiyi, domin shi yake biya da lokacinsa. Mai gaggawa sai dai ya biya kuɗin kujerun da suka rage, ko ya ɗauki *shata*. Wannan ne ya sa ranar kasuwa, kamar Alhamis ta Shinkafi, take da muhimmanci, domin a ranar ne mota take cika da wuri.

4.0 Tasirin Matsalar Tsaro

Tare hanya da garkuwa da mutane sun ƙara wa tasha ma'auni na uku, wato hasken rana. Direba ba ya son sammako sosai, ba ya kuma son yamma ta riske shi a daji, don haka sa'o'in lodi suka taƙaita. Jumlar "hanya ba kyau", wadda a da take nufin ramuka da laka, yanzu takan nufi 'yan bindiga. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya a jihar. Matakin farko ya rage fasinja, na biyu ya yanke hanyar da direbobi suke sanar da juna halin da hanya take ciki. Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ƙara tsadar kujera, cikar mota ta ƙara wuya.

5.0 Kammalawa

An ga cewa layi da lodi tsari ne da aka gina a kan yalwar fasinja da amincin hanya. Idan ɗayansu ya raunana, mazauna garuruwa irin su Ɗan Isa, masu buƙatar mota biyu kafin su isa Gusau, su ne suke fara jin jiki. Akwai buƙatar manazarta walwalar harshe su taskace Hausar waɗannan tashoshi tun yanzu, domin ma'anonin kalmominta suna sauyawa tare da halin da hanya take ciki.