Kare Zai Iya Cin Gwaza?

Wani mai sauraronmu daga Kafanchan yana tambaya ko zai iya ba karensa gwaza.

To malam, ɗanye dai a'a. Ƙaiƙayin nan da gwaza ke sa wa hannu lokacin ɓare shi, wasu ƙananan tsinkaye ne na sinadarin kalsiyam okzalet. Idan kare ya tauna, sai su soke masa harshe da maƙogwaro, ka ga yana dalalar da miyau, yana amai. Ganyen ma haka yake.

Dafaffe luguf kuwa, ɗan kaɗan ba laifi, amma ban da miya, don albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare. In bakinsa ya kumbura, ka garzaya wurin likitan dabbobi.