Darasin Gida da Gona: Abincin Dare na Kaza da Ganye Cikin Tukunya Ɗaya

Darasinmu na wannan wata a kan abincin dare ne. Shugaban ƙungiya ya karanta shi a wurin taro da ƙarfi, a hankali, sa'an nan a amsa tambayoyin da ke ƙarshe. A gayyaci zumuntar mata. Amma kada maza su ce wannan zancen mata ne, gama akwai rabonsu a ciki.

INA KAJINMU SUKE TAFIYA?

Da yawa cikinmu mun san unguwar Nasarawa GRA a Kano. Bayan da Turawa suka ci Kano a shekarar 1903, a wajen ganuwa suka zauna, suka keɓe wannan wuri domin ma'aikatan gwamnati. Can Gidan Gwamnati yake, can kuma gidan Sarki na Nasarawa yake. Mazaunanta galibi ma'aikatan ofis ne, da likitoci, da 'yan kasuwa. Sukan komo gida da yamma a gajiye. Domin haka waɗansunsu suna da wata dabara. Sai a yanyanka kaza, a zuba ta cikin farantin ƙarfe ɗaya tare da dankali da karas da albasa da tattasai, a ɗan yayyafa mai, a tura cikin tanderun gas ko na lantarki. Kafin awa guda abinci ya nuna.

To, daga ina waɗannan kaya suka fito? Tumatir da albasa da tattasai da yawa daga Kura da Kadawa da Bunkure da Garun Malam suke, inda ruwan madatsar Tiga yake shayar da gonaki. An gama madatsar a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga gona a kai kayan kasuwa irin ta Kwanar Gafan, ko a shigo da su 'Yankaba cikin gari. Kajin gida kuwa daga kasuwannin ƙauye ake tattaro su cikin keji. Wato dai daga hannun manoma irinmu suka fito.

Sayarwa ba laifi ba ce. Da kuɗin muke biyan makaranta, mu sayi taki, mu ba da baiko. Laifin shi ne mu sayar duka. Mutum ya kai kaji goma kasuwa, ya komo gida, 'ya'yansa su kwana da tuwo da tsinkakkiyar miyar kuka ba ko ƙashi. Abin da mutumin Nasarawa yake ci da kuɗinsa, mu muna da shi a bayan ɗaki. Ba mu da tanderun lantarki, amma muna da tukunya da murhu, sun kuwa isa.

DON ME ABINCIN DARE YAKE LALACEWA?

Lokacin da aiki ya fi yawa, lokacin ne abinci ya fi lalacewa. Da damina uwargida tana gona tun safe. Ta komo rana ta faɗi, ga ɗiban ruwa, ga itace a jiƙe. Wata rana kuma akwai addu'ar tsakiyar mako, ko koyon waƙa, ko taron zumunta. Tuwo da miya suna bukatar tukunya biyu da daka da tankaɗe. Sai a ɗora abin da ya sawwaƙa, ko a jiƙa gari. Ƙananan yara kuwa barci yakan kwashe su tun ba a sauke ba. In haka ta daɗe, za ku ga yaro yana ramewa, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunsa su kumbura. Wannan ita ce tamowa. Ba maita ba ce, ba kuwa sammu ba. Rashin abinci mai gina jiki ne. Wanda ya ga waɗannan alamu ya kai yaron asibiti nan da nan.

Jiki yana bukatar abinci iri uku kowace rana. Na ɗaya, mai ba da ƙarfi: dawa, gero, masara, shinkafa, dankali, doya da mai. Na biyu, mai gina jiki: nama, ƙwai, kifi, madara, wake, gyaɗa da waken soya. Naman kaza, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa abin gina jiki ne. Na uku, mai kare jiki daga cuta: ganyaye da kayan lambu da 'ya'yan itace. Zogale da alayyafo da karas da kabewa da manja suna ba da bitamin A, wanda rashinsa yake kawo dundumi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana. Amfanin tukunya ɗaya shi ne, iri ukun nan duka suna haɗuwa a cikinta, ruwan dahuwar ma ba a zubarwa, itace kuma ba ya tafiya da yawa.

WACE KAZA ZA A YANKA?

Kada ku yanka kaza mai ƙwai, ita ce jarinku. Ku duba zakaru. Cikin 'yan tsakin da aka ƙyanƙyashe, wajen rabi zakaru ne, alhali zakara ɗaya ya ishi kaji wajen goma. Sauran suna cin tsaba ne kawai, suna faɗa. Su ne na tukunya. Ɗan zakara mai wata biyar ko shida yakan yi laushi cikin minti 45 ko awa guda. Kazar gidan gona, wadda ake ce wa agirik, takan nuna cikin rabin awa. Tsohuwar kaza tana ɗaukar fiye da awa, a bar ta sai ranar da akwai sarari.

Labudda, kada a ci kazar da ta mutu da kanta, ko wadda take ciwo. A watan Fabrairu na 2006 aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Nijeriya, a jihar Kaduna, ta kuma ɓarke a Kano. Cutar tana iya kama mutum ta wurin fiɗa da figa. Kazar da ta mutu a haƙa rami mai zurfi a binne ta, a gaya wa malamin dabbobi. Wadda aka ba magani kuwa, a jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar su cika kafin a yanka.

HANYA TA FARKO: DAFA-DUKA DA KAZA (na mutum shida)

Kayan haɗi: ɗan zakara 1, shinkafa gwangwanin madara 5, tumatir 5, albasa 2, tattasai 3, attaruhu 2, karas 3, alayyafo ko zogale cike da hannu biyu, man gyaɗa babban cokali 4, daddawa 2, citta da tafarnuwa kaɗan, gishiri mai aidin ƙaramin cokali ɗaya da rabi.

1. A fara gyara kayan lambu tukuna, a wanke su da ruwa mai tsabta, a yanka, a rufe. Bayan haka a taɓa kaza.
2. A yanyanka kazar ƙanana-ƙanana. Ƙaramin yanka ya fi saurin nuna, ya kuma fi sauƙin rabo. A wanke hannu da wuƙa da katako da sabulu, a zuba ruwan wankin nesa da inda yara suke wasa.
3. A ɗora tukunya, a zuba mai, a soya albasa da naman har ya ɗan yi ja.
4. A zuba jajjagen tumatir da tattasai da attaruhu, da daddawa da citta da tafarnuwa da gishiri. A juya na minti biyar.
5. A zuba ruwa gwangwani 12, a rufe, a bari ya dahu rabin awa.
6. A wanke shinkafa a zuba tare da karas. Ruwan ya haye kan shinkafar kamar gaɓar yatsa ɗaya. In bai kai ba a ƙara ruwan zafi. A rage wuta.
7. Sa'ad da ruwan ya kusa tsotsewa, a shimfiɗa ganyen a sama, a rufe minti biyar, a juya, a sauke.

Kada a sa kanwa. Tana sa abu ya yi laushi da wuri, amma tana lalata waɗansu bitamin. Kada kuma a sa ganye tun farko, gama doguwar dahuwa tana rage amfaninsa. In akwai lemon tsami a matsa kaɗan a kwano. Yana taimakon jiki ya ɗauki sinadarin ƙarin jini da ke cikin ganyen.

HANYA TA BIYU: FATE DA KAZA

In babu shinkafa, a bi matakan nan har na biyar. Sa'an nan a zuba dankalin Hausa, ko doya, ko kabewa da aka yanka, ko kuwa tsakin masara. A ƙara dakakkiyar gyaɗa gwangwani ɗaya. Dab da saukewa a sa rama ko yakuwa ko alayyafo. Wannan ya fi dacewa da ƙananan yara da tsofaffi, domin yana da laushi. Rabin kaza ma ya isa in an sa gyaɗa ko wake.

HANYA TA UKU: GASHIN TUKUNYA

Wannan ita ce dabarar mutanen Nasarawa, amma da garwashi. A sami tukunyar dalma mai kauri da murfin ƙarfe. A shafa wa naman mai da yaji da gishiri. A jera dankali da albasa a ƙasa, nama a kai, a zuba ruwa gwangwani ɗaya. A ɗora bisa garwashi kaɗan, a ɗebi waɗansu a zuba a kan murfin. Bayan rabin awa a ƙara karas da tattasai da kabeji, a mayar da murfi. Kamar minti 20 kuma sai a duba. Da kazar agirik ko ɗan zakara mai taushi ake yi. Sa'ad da take kan wuta uwargida tana iya yi wa yara wanka.

YADDA ZA A SAN TA NUNA

A tsaga cinya har ƙashi. In an ga ja, ko ruwan da ya fito yana da jini-jini, a mayar kan wuta. Ɗanyen naman kaza yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa zawo da amai, zafi sosai ne yake kashe su. A ci abincin da zafinsa. Inda babu firiji, kada dafaffen nama ya wuce awa biyu a ajiye a sanyaye. Domin haka a dafa daidai ci. In ya ragu, a ba maƙwabta tun yana da zafi.

GANYE BA YA YANKEWA

Da damina muna da alayyafo, rama, yakuwa, lalo, tafasa, kuɓewa da kabewa. Da rani masu lambu suna da tumatir, karas, kabeji, albasa da tattasai. Tsakanin biyun a dogara ga zogale da busassun kaya. A shanya ganye a inuwa, ba cikin rana ba, domin ya riƙe launinsa da amfaninsa. A yanka tumatir a busar lokacin da yake araha. Kowane gida ya dasa zogale ko da biyar a jikin danga, inda ruwan wanke-wanke yake bi.

RABO

Nan ne maganar maza. Mun tashi mun tarar mai gida ne yake cin cinya da ƙirji, yara kuwa sai kai da ƙafa. Waɗansu ma suna cewa yaron da ya saba cin nama ko ƙwai zai yi sata. Wannan ba gaskiya ba ne. Jikin mai gida ya gama ginuwa, na yaro yanzu ake gininsa. Mai ciki da mai goyo kuwa suna ci ne domin mutum biyu. Saboda haka a fara ɗibar wa ƙananan yara tsoka cikin nasu kwano, a ba su hanta. Yaron da ya kai wata shida yana iya ci, muddin an ɗebi nasa kafin yaji ya yi yawa, an cire ƙashi sarai, an kuma marmashe naman, ana ci gaba da ba shi nono. Uban da ya miƙa wa ɗansa cinya bai rage girmansa ba. 'Ya'yanmu amana ce daga wurin Allah, za mu kuwa ba da lissafinsu.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA YI

Ba za a ci kaza ba sai kaji sun rayu. Cutar Niyukasil, wadda takan share kajin gari musamman da hunturu, tana da rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin maganin. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin gida ɗaya, saboda haka ƙungiya ta haɗa kuɗi, ta nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, a yi wa kajin kowa rana ɗaya kafin sanyi ya shigo. A tambaye shi lokacin da za a maimaita.

TAMBAYOYI

1. Kaji nawa gidanka ya sayar bara, nawa kuma aka ci a gida?
2. Zakaru nawa ne a gidanka yanzu? Nawa kake bukata?
3. Wace rana ce cikin mako abincin dare ya fi makara a gidanku? Don me?
4. Wane taimako miji da manyan yara maza za su iya yi, kamar figa da faskare da ɗiban ruwa?

AIKI

Kafin taro mai zuwa, a zaɓi gida ɗaya a yi gwajin hanya ta farko a gaban kowa. Wani ya kawo zakara, wata shinkafa, wata ganye. Magatakarda ya duba agogo, ya rubuta minti nawa aka ɗauka da itacen da aka ƙona. Ku aiko mana da abin da kuka samu domin sauran ƙungiyoyi su ƙaru.

A rufe taro da addu'a, ana gode wa Allah saboda ruwan sama da amfanin gona, ana roƙonsa ya ba mu hikimar ciyar da iyalanmu. Ubangiji ya sa albarka ga aikin hannuwanku. Amin.