Ƙananan ma'aikata cikin hanjin doki

Ɗan'uwa, ka san doki ba ya tuƙa kamar saniya. To, ƙaƙa yake narkar da ciyawa da harawa?

Cikin hanjinsa akwai wata babbar jaka mai ɗaukar kamar lita 30. Nan wasu ƙananan ƙwayoyi masu rai suke zaune, ido ba ya ganinsu. Ba na cuta ba ne. Su ke narkar da ciyawa, doki ya samu ƙarfi.

Ƙwayoyin nan ba iri ɗaya ba ne ga kowane doki. A shekara ta 2016, masana a ƙasar Sin sun duba kashin dokin Mongoliya da na dokin sukuwa irin na Ingila. Sun tarar ƙwayoyinsu sun bambanta. Abinci da wurin zama ma suna canza su.

Don haka, in ka sayo doki daga nesa, tambayi mai shi abin da ya saba ci. In salla ta gabato, kada ka cika mishi gero rana ɗaya don ya yi ƙiba. Gero mai yawa farat ɗaya na kawo tsami cikin hanji, ƙwayoyin kirki su mutu. Sai ciwon ciki ko ciwon kofato. Ciwon ciki kuwa na iya kashe doki.

Ƙara gero kaɗan-kaɗan, cikin kwana 10 zuwa 14. Kada ciyawa da ruwa su yanke. In ka ga yana birgima yana duban cikinsa, kira likitan dabbobi nan da nan.