Mujallar Da Ba Ta Iso Ba

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, bana ne aka sa ni cikin masu taimakon malamin laburare, kuma a can na koyi wani darasi wanda nake so ku ji.

Makarantarmu ta biya kuɗin wata mujallar aikin gona na shekara guda. Ran nan wani abokina, mutumin Goronyo, ya zo neman ƙarashen wani bayani kan ajiyar albasa, domin ta mahaifinsa tana ruɓewa. Muka duba: ga fitowa ta 6, ga ta 8, amma ta 7 ko sama ko ƙasa.

Malam ya ɗauko katin mujallar. Ashe kowace mujalla tana da nata, inda akan rubuta lambar fitowa da ranar da ta iso. Gurbin ta 7 babu komai, wato ba sace ta aka yi ba, ba ta zo ba ne. Nan take ya sa na rubuta wa mawallafan takarda, na ambaci sunan mujallar, da lambar da ta ɓace, da watanta, da lambar rasidinmu. Ya ce a bisa al'ada sukan aiko da wata, ko su ƙara wa mutum wata guda a kan kuɗinsa. Amma da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, don ragowar da suke ajiyewa ba ta da yawa.

Mu kuwa mun makara. Amsa ta zo cewa ta ƙare. Sai da wani malami a Rabah ya ara mana tasa muka ɗauki hotonta, sannan abokina ya kai wa mahaifinsa.

Wannan lura ba baƙuwa ba ce a Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837. Littattafan zamaninsa warƙoƙi ne ba ɗinki, saboda haka marubuci yakan sa kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gama. Da warƙa ta ɓace, mai karatu zai gane. Aikin da lambar mujalla take yi ke nan.

Don haka duk wanda ya ga lamba ta yi tsallake, ya gaya wa Malam a ranar. Wanda kuma ya ara, ya maido. Allah Ya sa mu dace, amin.