Ajiyar Kamfanoni a Lokacin Tsanani

Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani Alhaji mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, Kano, wanda yake tambaya: mene ne dalilin da manyan kamfanoni suke ƙanƙame tsabar kuɗi idan tattalin arziki ya rikice, alhali a lokacin ne aka fi bukatar su saki hannu?

To Alhaji, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Haƙiƙa wannan ba rowa ba ce, tsoro ne mai hujja. Domin kuwa idan musiba ta auku, ciniki yakan tsaya, waɗanda ake bi bashi su yi ta jinkiri, amma albashin ma'aikata da haƙƙin masu kawo kaya ba sa jira, sai ajiyar ta soma zagwanyewa; bankin kuma da aka dogara da shi, a daidai wannan sa'a yake rufe ƙofar rance. Haka aka gani bayan rushewar bankin Lehman Brothers a Amurka ranar 15 ga Satumba, 2008, sa'ad da kamfanoni suka yi rububin kwashe rancen da aka yi musu alkawari tun kafin a janye shi.

Dubi misalin kamfanin motoci na Ford, wanda a ƙarshen 2006, tun hadari bai haɗo ba, ya jinginar da kadarorinsa, har da tambarinsa, ya ranto kimanin dala biliyan 23 ya ajiye; da guguwar ta iso, takwarorinsa General Motors da Chrysler suka durƙushe a 2009, Ford kuwa ya tsallake. Kamfanonin da suka ga wannan ibra sun daɗe suna ƙara tanadi, ko da yake, abin takaici, hakan yana rage gina masana'antu da ɗaukar ma'aikata.

Sai dai Alhaji, lamarinmu a Nijeriya ya sha bamban, gama tsabar kanta tana iya narkewa a ma'aji: a farkon Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma, amma a Fabrairun 2024 ta kai wajen 1,500. Saboda haka shawarata, ka ware abin da zai riƙe haya da yaran shago na 'yan watanni, saura kuwa ka bar shi a cikin haja. Allah ya tsare mana dukiyarmu. Sai wasiƙa ta gaba.