Amsar Tambaya: Me Ya Sa Amfilifayar Masallacinmu Ke Zafi?

Tambaya: Malam, mun ƙara lasifika huɗu masu om 8 a masallacin unguwarmu, muka haɗa wayoyinsu duka a baki ɗaya. Yanzu amfilifaya na ɗaukar zafi, har ta kan ɗauke ana tsakiyar huɗuba. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, ku kashe ta tun kafin ta ƙone. Lasifika biyu masu om 8, in aka haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, sun koma om 4. Huɗu kuwa om 2 ke nan, alhali yawancin amfilifayoyi ba sa jure ƙasa da 4. Kun ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta.

Gyara na kusa shi ne a jera biyu bi da bi su ba da 16, a yi wa sauran biyun haka, sannan a haɗa rukunan biyu ja da ja, baƙi da baƙi. An dawo om 8.

Amma ni na fi son ku leƙa bayan amfilifayar. In akwai baki mai rubutun 100V, ku koma kansa, domin an yi shi ne saboda lasifika da yawa da doguwar waya har hasumiya. Sharaɗinsa, kowace lasifika ta kasance da taransifomarta. Wadda ba ta da ita, bakin nan zai iya ƙona ta nan take. Daga nan lissafin wat ne kawai: huɗu masu wat 30 sun tashi 120, sai a nemi amfilifaya mai wat 150 domin ta samu sarari.

Ku zaɓi baki ɗaya, ko na om ko na 100V, kada ku haɗa biyun lokaci guda.