Tausar Ciki Irin ta Sinawa: Amfaninta da Iyakarta

Fiye da shekara 2,000 ke nan masu maganin gargajiya na ƙasar Sin suna koyar da cewa akwai wasu gurabe a jikin ɗan Adam waɗanda idan aka soka musu allura, ko aka danna su da yatsa, mutum zai sami sauƙi. A shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita wuraren gurabe 361 daga cikinsu. Sinawa sun ce wani ƙarfi ne yake gudana ta waɗannan gurabe, amma likitocin zamani ba su ga hanyoyinsa a jiki ba. Abin da aka fi yarda da shi shi ne, tausa mai laushi tana kwantar da hankali, kuma takan taimaki mai fama da kumburin ciki ko taurin bayan gida.

Gurabe biyu suka fi shahara. Na farko, watau Zhongwan, yana tsakiyar tazarar da ke tsakanin cibiya da ƙarshen ƙashin ƙirji, kusa da tumbi. Na biyu, Tianshu, yana dama da hagu na cibiya, kimanin faɗin yatsu 3 daga gare ta.

Mai so ya gwada, sai ya bari abinci ya faɗa masa, ya yi fitsari, sa'an nan ya kwanta rigingine ya naɗe gwiwoyinsa don fatar ciki ta saki. Ya ɗora yatsu biyu a kan gurbin, ya danna sannu yana juyawa na minti 1 ko 2, yana jan numfashi a hankali. Bayan haka ya shafa cikin da tafin hannu yana bin hanyar babban hanji, wanda tsawonsa ya kai kimanin mita ɗaya da rabi: ya fara daga mara ta dama, ya haura zuwa ƙarƙashin haƙarƙari, ya ƙetara hagu, ya gangaro. Ta nan ne bayan gida yake bi. Idan dannawar ta yi zafi, to, an wuce gona da iri, sai a dakata. Kuma tausa ba ta maye gurbin shan ruwa isasshe da cin ganye da wake da 'ya'yan itatuwa.

Babban haɗarin shi ne a ɗauki kowane ciwon ciki kamar kumburi. Mace mai juna biyu, da wanda aka yi wa aikin ciki kwanan nan, da mai gyambon ciki ko ƙaba, kada su yi wannan tausa sai da izinin likita. Ciwon da ya fara a cibiya ya koma mara ta dama, tare da zazzaɓi ko amai, yana iya zama afendis. Zazzaɓin taifot kuwa, wanda ya yi yawa a ƙasar nan, yakan huda hanji a mako na biyu ko na uku. Idan ciki ya yi tauri kamar katako, ko aka ga jini a amai ko bayan gida, ko bayan gida ya yi baƙi ƙirin, kada a taɓa cikin, kada a ba shi abinci ko jiƙo. A kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.